Rasuwar Usaini Dogo, Ɗan Aike Tsakanin Nyanya da Mararaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya rasa abin kallo, ni Nicholas Kure na kan tudun Nyanya, tsohon ma'aikacin gidan waya mai ritaya, a madadin kaina da matata Serah da iyalan aminina Injiniya Nuraddeen na Mararaba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ɗan aikenmu, Usaini Dogo. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da la'asar, a kan rufin gidana inda ya yi rayuwarsa kaf, bayan doguwar jinya da kuma tiyatar da ba ta zo da sa'a ba. Ubangiji ne ya bayar, guguwar farkon damina ce ta karɓa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, dogon bututun ƙarfe ne da muka samo a wurin wani mai walda a Idu. Yana da hannu biyu na katako masu fenti fari da ja, kowane hannu da igiyarsa da ke saukowa har barandata. In na ja igiya hannu ya ɗaga, in na saki ya sauka. Maƙwabta sun daɗe suna gardama a kansa. Wasu sun ce eriya ce, wasu sun ce gicciye ne da mai walda ya kuskure, wata mai sayar da awara kuma ta hana 'ya'yanta bi ta ƙofar gidana don ta tabbata tsafi ne. Duk ba haka ba ne. Bakina ne, kuma da shi nake magana da mutumin da ya fi kowa sanina bayan Serah.

Marigayin tagwaye ne. Ɗan'uwansa Hassan yana kan rufin gidan Injiniya Nuraddeen a kan tudun Mararaba, suna fuskantar juna, kwari da titi da gidajen jama'a a tsakaninsu. Murja, 'yar Injiniya, ita ta raɗa musu suna. Ta ce wanda aka fara kafawa shi ne Hassan, nawa kuwa da ya biyo baya dole ya haƙura da Usaini. Ban yi musu ba. Shi ya sa aka sami Usaini a gidan Kirista, yana hutun Lahadi da safe, ɗan'uwansa kuma yana hutun Juma'a da rana, ba a taɓa jin kansu ba.

Marigayin ɗan babban gida ne, ko da yake gidan ya daɗe da mutuwa. Kakanninsa na nesa su ne wutar da mutanen zamanin da suke hurawa a kan duwatsu don ƙauyen gaba ya san mahara sun taso, da hayaƙi, da ganga, da ƙaho. Kakanninsa na kusa kuwa a Faransa suka yi zamani, sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Hasumiyoyi ne da aka jera a kan tuddai, kowace da manyan hannayen katako a samanta da mutum a ciki riƙe da madubin hangen nesa. Ya ga yadda ta bayansa ta karkata hannu, shi ma ya karkata tasa haka, ta gaba ta ɗauka. Kafin mai doki ya gama ɗaura sirdi, labari ya ƙetare garuruwa. Ba sa aiki da dare, hazo yana rufe musu baki, kuma da wayar tangaraho ta zo sai aka watsar da su kamar ba su taɓa yin amfani ba. Duk wannan tarihi a bakin Injiniya na ji shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, tun lokacin da bakin nasa ba ya gajiya. Har cewa nake yi, "Injiniya, don Allah ka bar Faransawan nan su huta a kabarinsu." Yau da zan samu ya maimaita mini, da na zauna na saurara har ƙarshe.

Ni da Injiniya aiki ne ya haɗa mu tun muna samari. Muna cikin masu kafa dogayen turakun ƙarfe da ke harba magana daga tudu zuwa tudu. Irin turakun nan sai suna ganin juna suke aiki, don haka kafin a zuba kankare dole a tabbatar babu abin da ya tare tsakani. Shi ya hau wannan dutse da madubi, ni in hau wancan, mu haska wa juna rana. In na ga walƙiyarsa na san hanya a buɗe take. Haka muka yi ƙuruciyarmu, daga duwatsun Jos zuwa na Lokoja, kullum nesa da juna, kullum muna kallon juna. Ana cewa zumunta a ƙafa take, tamu dai tun asali a ido take.

Bayan mun yi ritaya, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya karkata masa baki, ya tafi da maganarsa. Mutumin da in ya fara bayani a ofis sai shayi ya huce a hannun mutane, ya koma ba ya iya haɗa kalma biyu. Na shiga gosulon Nyanya na je duba shi, yana jin muryata a tsakar gida ya juya fuskarsa bango. Na sake komawa, ya sake juyawa. Murja ta gwada haɗa mu ta kiran bidiyo, ya ture wayar da hannun hagu har ta faɗi. Ta rako ni bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Baba Nicholas, ka yi haƙuri, ba da kai yake fushi ba. Ba ya son ka gan shi a haka ne." Na fahimta, amma fahimta ba ta rage mini zafin ba ko kaɗan.

Wata safiya na ɗauki madubin kwalliyar Serah ba tare da izininta ba, na hau rufi, na haska tagar ɗakinsa a can Mararaba. Ban samu amsa ba. Washegari na sake. Na yi ta yi har Serah ta fara ɓoye madubin a cikin tukunya. Rannan sai ga walƙiya daga wancan tudu, tana rawa, tana kaucewa, tana dawowa, walƙiyar mutumin da ke riƙe da madubi da hannun da bai saba ba. Na zauna a kan kwano na yi kuka kamar yaro. Da yake madubi bawan rana ne, hadari kaɗan ya taso ya yi shiru, sai na tuna da Faransawan Injiniya. Daga nan aka haifi tagwayen.

Igiyoyin Hassan ta tagar ɗakin Injiniya suke shiga, bayan labule, kusa da hannunsa na hagu. Ni ina ganin hannayen katako ta madubin hangen nesa, ba na ganin mai ja. Wannan shi ne sharaɗin, ko da yake ba wanda ya taɓa furta shi. Da yake hannu ɗaya gare shi, sai ya ja igiyar dama ya maƙala a ƙusa, sannan ya ja ta hagu. Saboda haka maganarsa a hankali take fita, rabi sannan rabi, kuma ta koya mini haƙurin da coci ta kasa koya mini.

Ina shaida wa jama'a cewa marigayi Usaini ɗan aike ne na gari. Bai taɓa neman caji ba. Bai san an ɗauke wuta ba, bai san an kawo ba. Bai taɓa cewa wanda kake nema ba ya kusa ba. Bai iya gulma ba, don duk abin da zai faɗa a gaban Nyanya da Mararaba yake faɗinsa, kuma duk da haka ba wanda ya taɓa jin sirrinmu. Kalmominsa kaɗan ne. Hannu biyu sama, na tashi lafiya. Dama sama hagu ƙasa, jikin ya matsa yau. Hannu ɗaya a miƙe, kai fa? In aka kaɗa hannun hagu da sauri, dariya ce. Akwai kuma wata alama da Injiniya ya ƙirƙiro da kansa, hannu biyu a harɗe, wadda na yi mako ina nazari kafin na gane nufinta: ƙarya kake, Kure. Ita ya fi yawan aiko mini, musamman ranar da na ce masa na daina shan sukari.

Murya ɗaya gare shi, ita ma ta tsufa ce. In hannu zai tashi sai ya ce ƙiii, in ya kai sai ya ce kwas. Serah ta sha cewa, "Baban Marvel, ka sa wa abin nan mai, yana hana ni jin rediyo." Ina sa masa baƙin mai ya yi kwana biyu shiru, ya koma. Yanzu da safe Serah ce ke rage rediyon da kanta, ta tsaya da ludayi a hannu, sannan ta tuna.

Babban aikin marigayin, wanda saboda shi nake wannan sanarwa, shi ne karin kumallon Injiniya. Murja ce ta gaya mini. Tun da aka kafa tagwayen, mahaifinta ba ya taɓa koko, ba ya haɗiye magani, sai ya ɗaga hannayen Hassan ya tambaye ni, ya ga amsata. In na makara, koko ya huce. In na amsa, ya sha har ya nemi ƙari. A kan sandar nan kaɗai yake magana bakinsa bai karkace ba. A can shi Injiniya ne kamar da, mai tsokana, mai gyara wa mutane kuskure, ba majinyacin da ake goge wa haɓa ba.

Ciwon ajalin Usaini daga ƙasa ya faro, a wani fili da ke tsakanin tuddan biyu, inda ake wankin mota a da. Lokacin da za mu kafa tagwayen na auna hanya yadda aka koya mana. Na duba tudu, na duba turakun lantarki, har wani mangwaro da ke tsakani na ba shi tsawon da zai ƙara nan da shekaru, don a aikinmu itace ne abokin gaba, shi ne ke girma ya tare hanya. Fili kuwa ba a lissafa shi, don a duwatsun da muka yi aiki fili ba ya girma. A Abuja yana girma, kuma ya fi mangwaro sauri.

Da farko kwano aka kewaye wurin da shi. Sai tifa ta fara sauke yashi. Aka yi hawa na ɗaya muna dariya, Injiniya har yana kaɗa hannun hagu. Aka yi na biyu, aka yi na uku, dariya ta ragu. Da aka zuba kankaren hawa na huɗu sai ga filaza, katafaren ginin shaguna, ta tsaya daidai tsakanin idona da Mararaba. Amma Allah da ikonsa, akwai wata kafa a bangon gaba da wata a bangon baya da ba a toshe ba, kuma sun yi saiti da juna. Ta cikin wannan rami, ta cikin ginin mutane, na ci gaba da hango Hassan. Makonnin nan su ne mafi daɗi da mafi ɗaci a rayuwar marigayin. Kowace gaisuwa muna yinta kamar ta ƙarshe.

Na sa hulata na je wurin ginin, na nemi shugaban leburori, wani mai suna Jonah. Na yi masa bayani tun daga Faransa har zuwa kokon Injiniya. Ya saurare ni fiye da yadda na zata, ya cire hular kwanonsa ya sosa kai, ya ce, "Oga, wallahi na ji tausayi. Amma wannan wajen ba windo ne a zane ba, bango ne, sito za a yi. Ni ma aiki aka ba ni. Abin da zan iya, zan ce birkila ya bar shi sai las, ƙarshen aiki." Ya kuwa cika alkawari. Har aka gama kowane bango, aka yi filasta, aka fara fenti, ramin nan yana nan. Ina roƙon kada kowa ya zage shi a wurin makoki.

Ranar da aka toshe, ina kan baranda da madubi a ido. Na ga birkila yana jera bulo daga ƙasa, layi bayan layi, ramin yana ƙanƙancewa. A daidai lokacin Injiniya ya fara gaisuwar safe. Na ga hannun dama na Hassan ya tashi ya tsaya. Na san yanzu yana maƙala igiya a ƙusa, yana lalubo ta biyu. In hagu ta tashi, ya kwana lafiya. In ta zauna a ƙasa, jikin ya matsa. Ina jira, sai birkila ya ɗora bulo ya shafe da siminti. Har yau rabin maganar nan ce a idona in na rufe shi.

Daga nan ne aka shiga maganar tiyata. Na kira mai waldan Idu, muka yanke shawarar ƙara wa Usaini tsawo har ya leƙa ta saman filazar. Serah ta ce kada a yi, ƙafarsa ba za ta ɗauka ba. Mai walda ma ya girgiza kai kamar likitan da ya san sakamako. Ni na nace. Aka ɗora masa wani bututun a kai, aka ɗaure shi da wayoyi ta kowane gefe, ya tsaya yana layi kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ko da hakan bai kai ba, don masu filazar sun ɗora tankunan ruwa a sama. Muna shirin ƙara masa wani guntun sai hadarin Talata ya haɗo daga gabas. Na ji ya ce ƙiii, doguwa, wadda ban taɓa jin irinta ba, na jira kwas ɗin bai zo ba. Abin da ya biyo baya ƙarar kwano ce. Garin neman gira muka rasa ido. Mun same shi kwance a kan rufi, ya karye a daidai wurin ɗinkin, hannunsa ɗaya yana nuna Mararaba.

Marigayin ya bar ni, ya bar Serah wadda ta yafe masa hayaniyarsa, ya bar madubin hangen nesa da ke rataye a ƙusa ba aikin yi, da wasu tattabaru da suka mai da kafaɗarsa wurin hira. Ya bar ramuka biyu a kwanon ɗakin girki.

Ya kuma bar ɗan'uwansa Hassan, wanda ke tsaye lafiya lau a Mararaba, kuma shi ne abin tausayin. Injiniya ya san an yi gini, yana ganinsa ta taga, ya fi ni sanin abin da bango ke yi wa saƙo. Murja ta gaya masa Usaini ya faɗi, ya gyaɗa kai. Duk da haka kowace safiya sai ya ja igiya, ya miƙe hannu ɗaya, kai fa, ya ɗauki madubinsa na hangen nesa ya zuba wa bangon filaza ido. Jiya Murja ta kira ni kafin ta tafi ofis. Ta ce, "Baba Nicholas, yau ma bai sha kokon ba. Na ce masa kana lafiya, na ce mun yi waya da kai yanzun nan. Sai ya harɗe hannayen." Wato ƙarya kike. A wurin Injiniya gani ya kori ji, haka aka koya mana, kuma yanzu ya tsufa da sake karatu. Ina tsoro. Na faɗa a fili, ina tsoron kada in sake rubuta irin wannan sanarwa, wadda ba za a yi murmushi a cikinta ba.

Za a yi jana'izar marigayi Usaini Dogo ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a gidana da ke kan tudun Nyanya, bayan makarantar firamare. Ba a gayyaci fasto ko liman ba, don kada a sa su cikin wahalar yanke hukunci. Za a sauko da gangar jikin da igiyoyinsa, mai walda zai mai da ita Idu inda ta fito. Serah za ta yi kunun zaƙi da zoɓo. Masu niyyar yi mini ta'aziyya da cewa ai yanzu zamanin waya ne, ina roƙonsu su yi zamansu a gida, na yafe.

Hannayen biyu ba za a binne su ba. Na wanke su, na sake musu fenti. A bayan filazar, ta ɓangaren Mararaba, akwai wani ɗan dutse kusa da inda 'yan acaɓa ke fakewa. Na hau shi na duba, ana hango Hassan sarai, kuma nisan ya yi daidai: ana ganin hannu, ba a ganin abin da ke bayan labule. Na ga an kafa allon sayarwa a gefensa, ban karanta ba, ba na son sani. Da an watse daga jana'iza can zan nufa, kuma daga ranar kowace safiya can za a same ni, muddin kafaɗuna suna ɗagawa. Serah ta ce za ta riƙo mini kujera da man zafi. Wanda ya biyo bayan tagwaye Gambo ake ce masa, to na karɓi sunan.

Saboda haka duk wanda ya bi ta wurin ya ga tsoho a kan dutse riƙe da katako biyu fari da ja, ya ɗaga su sama yana kallon tudu, kada ya kira 'yan sanda, kada ya miƙo sadaka, kada kuma ya tsaya a gabansa. Amsa yake bayarwa ga tambayar da aka daɗe ana yi masa.

Murja, 'yata, ranar Asabar ki ɗan jinkirta dama kokon. In kin dama, ki ajiye kusa da hannunsa na hagu, ki ɗage masa labule kaɗan, ki nuna masa dutsen.